Ranar 12 ga Disamba da ƙofar majami'a: tarihin tsoron kamen baƙi a Amurka

Duk shekara ranar 12 ga Disamba, tun kafin asuba ta yi, majami'un Katolika na unguwannin ƴan Meksiko da ke Amurka kan cika maƙil. Mata na riƙe da furanni, yara sun sha tufafin gargajiya, makaɗa sun jeru da jita da ƙaho, an zo yi wa Maryamu ta Guadalupe waƙar gaisuwar safe. Kwana huɗu bayan haka sai a shiga wani biki na dare tara, daga 16 zuwa 24 ga wata, a zarce da shi cikin Kirsimeti, wanda mu a nan muka fi kira Nowel. A wurin mutanen nan babu lokacin da ya kai wannan a shekara. Wanda ya san yadda goman ƙarshe na azumi da sallar da ke binsa suke a gidan musulmi ya gane abin da nake nufi.

A Disambar 2025 an yi bikin ne ido na kan ƙofa. Wasu majami'u sun soke zagayen titi suka maida komai cikin gida, wasu iyalai kuma suka zauna ɗaki suka bi ibadar ta salula. Abin da suke gudu shi ne jami'an ICE, hukumar da ke kamen baƙi marasa takardu tana tasa ƙeyarsu. Wanda ya ji labarin a rediyo zai zaci Trump ne ya zo da abin dukansa. Wani sashe nasa ne, amma saiwar ta kusa shekara ɗari, kuma ita kanta ranar 12 ga Disamba ta sha fitowa cikin labarin. Na ga ya dace malamai da iyaye su san shi, domin sau da yawa cikin wannan tarihi, wanda ake bari tsaye a bakin makaranta yana jiran wanda ba zai zo ba, yaro ne.

Mu fara da bikin kansa. Katolikan Meksiko sun yi imani cewa a Disambar 1531, shekara goma bayan Sifaniyawa sun ci daular Aztek, Maryamu ta bayyana ga wani talaka ɗan asalin ƙasa mai suna Juan Diego a kan tudun Tepeyac, a gefen birnin Meksiko na yanzu, ta yi masa magana da harshensa. Hoton da ake girmamawa a wurin na mace ce mai fata irin ta mutanen ƙasar. Shi ya sa Guadalupe ta zama tutar talaka da ta ƙasa baki ɗaya, har mayaƙan neman ƴancin kai na 1810 suka ɗaga hotonta. Bikin dare tara kuwa sunansa Las Posadas, wato masaukai. Akan yi wa yaro da yarinya shigar Yusufu da Maryamu, jama'a su bi su da kyandir, a je ƙofar gida a ƙwanƙwasa ana neman masauki da waƙa, na ciki su amsa da waƙa cewa babu wuri. A wuce gida na gaba, nan ma a kore su, sai a gidan ƙarshe a buɗe ƙofa, a ci a sha, yara su fasa tukunyar alawa. Wasa ne na baƙon da ke neman wurin kwana, kuma yara ne ƴan wasan. A titi ake yin sa, da dare, da taro. Ka ga ke nan me ya sa shi ne farkon abin da tsoro ke kashewa.

Yadda wannan biki ya tsinci kansa cikin Amurka ma abin lura ne. Ba dukan masu yin sa ne suka tsallaka iyaka ba, wasu iyakar ce ta tsallake su. Bayan yaƙin 1846 zuwa 1848, Meksiko ta sallama wa Amurka kusan rabin ƙasarta, har da Kaliforniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico, ta kuma haƙura da Teksas. An sa hannu kan yarjejeniyar ranar 2 ga Fabrairu 1848 a garin Guadalupe Hidalgo, wato a gindin wannan tudu na Tepeyac, sunan garin ne ma yarjejeniyar ta ɗauka. Mutumin Maraɗi da ke da dangi a Katsina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan layin da aka ja tsakanin gidan wa da na ƙane. Shekaru da dama bayan haka iyakar a buɗe take kusan kamar kasuwa. Sai a 1924 aka kafa rundunar sintirin iyaka, a 1929 kuma aka maida shiga ba izini laifin da ake hukuntawa.

Cikin waɗannan shekaru ne mutane suka kwararo arewa, na farko saboda juyin juya halin Meksiko da ya fara a 1910, na biyu saboda yaƙin 1926 zuwa 1929 tsakanin gwamnatin Meksiko da Katolika, lokacin da aka dakatar da ibada a majami'u aka kashe limamai. Waɗanda suka tsere daga wannan yaƙi su ne suka fara zagayen Guadalupe na gabashin Los Angeles a 1931, wanda har yau ake yi.

A riƙe shekarar nan ta 1931. Tattalin arzikin Amurka ya karye tun 1929, miliyoyi ba su da aiki, sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Sakataren ƙwadago na shugaba Hoover, William Doak, wanda hukumar shige da fice ke ƙarƙashinsa, ya ɗauka cewa korar baƙi za ta samar wa ƴan ƙasa aiki. Ranar 26 ga Fabrairu 1931 da la'asar, jami'ai suka kewaye La Placita, dandalin da ke tsakiyar tsohon garin Los Angeles, daf da tsohuwar majami'ar Katolika ta birnin. Suka tare hanyoyin fita, suka tsare mutum wajen 400, ana tambayar kowa takarda. Waɗanda aka tafi da su ba su kai ko ɗaya cikin goma ba. Amma ba yawan kamen ake nema ba. Wani jami'in birnin mai suna Charles Visel ya riga ya rubuta wa Washington cewa dabarar ita ce a firgita mutane su tafi da ƙafarsu. Haka kuwa aka yi. Cikin shekarun 1930 jiragen ƙasa suka yi ta kwasar iyalai zuwa Meksiko. Masana tarihi sun saɓa kan adadin, daga dubu ɗari uku ko huɗu har zuwa fiye da miliyan, amma sun haɗu a kan cewa kaso mai yawa ƴan Amurka ne na haihuwa, galibi yara, da suka bi iyayensu zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Sai a 2005 jahar Kaliforniya ta yi dokar neman gafara kan abin.

Tsofaffinmu sun san irin wannan. Sun ga korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Ghana a ƙarshen 1969, wadda ta girgiza zangunan Hausawa, sun kuma ga ta Najeriya a farkon 1983. A duka biyun, waɗanda suka ɗaure kaya suka kama hanya sun ninka waɗanda ɗan sanda ya taɓa.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita shi. Da yaƙin duniya na biyu ya kwashe maza, sai Amurka ta koma neman hannun da ta kora. Daga 1942 zuwa 1964 aka yi kwangila sama da miliyan huɗu da rabi da leburorin gona daga Meksiko, kuma a tsakiyar wannan shiri, a 1954, aka sake yin wani gagarumin kame. A kira ka idan amfanin gona ya nuna, a kore ka idan kasuwa ta faɗi.

Inda majami'a ta shigo da ƙarfinta shi ne shekarun 1980. Ranar 24 ga Maris 1980 aka harbe babban bishop na San Salvador, Oscar Romero, yana tsaye yana jagorantar ibada. El Salvador ta afka yaƙin basasa, Guatemala kuma sojoji na ƙona ƙauyukan ƴan asalin ƙasa. Dubban ɗaruruwa suka nufi arewa. A Yulin 1980 masu fasa-ƙwaurin mutane suka watsar da wani ayarin ƴan Salvador a hamadar Arizona, mutum 13 suka mutu da ƙishirwa. Mu da muka binne mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit a Oktoban 2013, mun san irin wannan mutuwa. Waɗanda suka tsira a Arizona, maimakon a ba su mafaka, sai aka shiga shirin maida su. Dalili a fili yake: gwamnatin Amurka na goyon bayan gwamnatocin da mutanen ke gudu, amincewa da su a matsayin ƴan gudun hijira kuwa tamkar amsa laifin abokai ne. A waɗannan shekaru, cikin ƴan Salvador ɗari da suka nemi mafaka, waɗanda aka ba ba su kai uku ba.

Ranar 24 ga Maris 1982, shekara biyu cif da kisan Romero, wata ƙaramar majami'ar Furotesta a Tucson, ƙarƙashin fasto John Fife, ta shelanta a bainar jama'a cewa ta zama mafaka. Kafin ƴan shekaru wuraren ibada wajen 500 suka bi sahu, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, ana miƙa iyali daga hannu zuwa hannu har Kanada. Gwamnati ba ta fasa ƙofar kowa ba. Abin da ta yi ya fi haka ɗaci: ta tura ƴan leƙen asiri da na'urar naɗar murya a ɓoye, suka shiga cikin masu ibada, suka zauna a darussan Littafi Mai Tsarki kamar masu taimako. A Janairun 1985 aka tuhumi mutum 16. A Mayun 1986 kotu ta sami takwas da laifi, cikinsu akwai limaman Katolika biyu da wata sista, Darlene Nicgorski. Ba a kai ko ɗaya gidan kaso ba, ɗaurin talala aka yi musu. Amma daga ranar da aka san cewa wanda ke zaune kusa da kai a benci yana iya zama ɗan rahoto, wani abu ya fashe wanda ba a gyara shi da hukuncin kotu.

Ana tsakiyar wannan shari'a, ranar 12 ga Disamba 1985, Fada Luis Olivares ya tsaya a majami'ar La Placita, wadda aka yi samamen 1931 a ƙofarta, ya shelanta ta mafaka. Da gangan ya zaɓi ranar. Ɗaruruwan mutane suka riƙa kwana a bencinanta. Shekara guda bayan haka shugaba Reagan, wanda ba wanda zai kira shi mai sassauci, ya sa hannu kan dokar 1986 da ta ba mutum wajen miliyan 2.7 takardun zama. A 1991 kuma gwamnati ta amince a gaban kotu ta sake duba takardun ƴan Salvador da Guatemala da ta yi watsi da su.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba, har cikin Amurkawa. Babu wata dokar Amurka da ta taɓa hana a kama mutum cikin majami'a. A Turai ta da akwai irin wannan doka: sarakunan Rum na Kirista sun amince da ita, ta daɗe ƙarnuka, sannan Ingila ta soke ta a farkon ƙarni na 17. Ita kanta cocin Katolika ta ambaci haƙƙin mafaka cikin kundin dokokinta na 1917, amma da aka sabunta kundin a 1983 ba a maido da shi ba. Abin da ke tsare ƙofar majami'a irin abin nan ne da ke faruwa idan yaro ya yi laifi ya ruga ya faɗa bayan kakarsa, uba ya sauke bulala. Ba alƙali ne ya hana uban ba, kunya ce. Faransa ta gwada mana ranar da kunyar ke ƙarewa: ranar 23 ga Agusta 1996 jami'an tsaro suka sa gatari suka fasa ƙofar majami'ar Saint-Bernard a Paris, suka fito da marasa takardu wajen 300, yawancinsu ƴan Mali da Senegal, da mata da jarirai, kyamarori na ɗauka.

Gwamnatocin Amurka ba su so a ga irin wannan hoto a wurinsu ba, sai suka rubuta kunyar a takardar ofis. Tun 1993 aka umarci jami'an shige da fice su guji makarantu da wuraren ibada da jana'iza. Bayan harin 11 ga Satumba aka rushe tsohuwar hukumar, aka kafa ICE a 2003.

Guje wa ginin majami'a bai hana a taɓa ranar bikinta ba. Ranar Talata 12 ga Disamba 2006 da safe, lokacin da wasu ma'aikata suka fito daga gaisuwar asuba ta Guadalupe suka wuce wurin aiki, jami'an ICE suka dira a masana'antun nama shida na kamfanin Swift a jahohi shida: Colorado, Nebraska, Teksas, Utah, Iowa da Minnesota. Aka kama mutum wajen 1,300 a yini ɗaya. Hukuma ta ce tana binciken masu aiki da takardun wasu ne. Mutanen garuruwan kuwa har yau abin da suka riƙe shi ne ranar da aka zaɓa, saura mako biyu Nowel. Nauyin farko a kan malaman makaranta ya faɗo. A garin Grand Island na Nebraska hukumar makarantu ta hana a sallami yaro zuwa gidan da ba a tabbatar akwai babba a ciki ba, malamai suka yi ta kiran dangi da maƙwabta har dare. Wani bincike da cibiyar Urban Institute ta fitar a 2007 kan garuruwa uku da aka yi wa irin wannan samame ya gano cewa duk manya biyu da aka kama, akwai yaro ɗaya da abin ya shafa, kuma kashi biyu cikin uku na yaran ƴan Amurka ne na haihuwa.

Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 12 ga Mayu 2008, aka kama mutum 389 a wata kwatar nama a Postville, wani ɗan ƙaramin gari a Iowa da mutanensa ba su wuce dubu biyu da ɗoriya ba. Kafin dare ɗaruruwan mata da yara sun tattaru a majami'ar Katolika ta St. Bridget, suka kwana a ƙasa da kan benci kusan mako guda, ba wanda ya yarda ya koma gida. Ba wanda ya ba su tabbacin cewa doka ta kare su a can. Sun dai lissafa cewa jami'i zai ji nauyin shiga.

A Oktoban 2011, zamanin Obama, shugaban ICE John Morton ya sake rubuta ƙa'idar dalla-dalla: ba kame a makaranta, asibiti, wurin ibada, ɗaurin aure ko jana'iza, sai da izinin manya ko in rai na cikin haɗari. Kada a ɗauka wannan tausayi ne zalla, don a shekarar da ta biyo gwamnatin Obaman ta kori mutum fiye da 400,000. Trump a zangonsa na farko bai soke takardar ba. A Oktoban 2021 gwamnatin Biden ta faɗaɗa ta, ta haɗa da filin wasan yara da tashar motar makaranta. Shekara talatin da ɗoriya, gwamnatocin jam'iyyu biyu suka riƙe ta. Amma takardar ofis ce, majalisa ba ta taɓa maida ta doka ba, abin da alƙalami ɗaya ya rubuta kuwa alƙalami ɗaya ke gogewa.

Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da Trump karo na biyu, aka goge ta. Hujjar gwamnati ita ce masu laifi ba za su ƙara samun maɓoya a makarantu da majami'u ba, kuma ta amince jami'anta za su yi aiki da hankali. Ya kamata a faɗi gaskiya: ba kowane Bakatolike ne ke adawa da wannan ba. Mafi yawan Katolikan da suka jefa ƙuri'a a 2024 Trump suka zaɓa. Mataimakinsa JD Vance Bakatolike ne, haka ma Tom Homan da aka ɗora kan harkar iyaka, kuma dukansu sun fito sun soki bishop-bishop ɗinsu. Ni ma ban musa cewa kowace ƙasa na da ikon sanin wanda ya shigo mata ba. Tambayar ita ce a ina ake kamen, da wace siga, kuma wa ke biyan kuɗin tsoron.

Wasu ƙungiyoyin addini sun kai ƙara. A Fabrairun 2025 wani alƙali a Maryland ya hana kame a wuraren ibadar waɗanda suka shigar da ƙarar kawai, a Afrilu kuma wata alƙaliya a Washington ta ƙi ba wasu ƙungiyoyi 27 irin wannan kariya. Majami'un Katolika ba su cikin waɗanda hukuncin farko ya rufa wa asiri. Abin da ya rage musu shi ne bambancin da lauyoyi suka daɗe suna koya wa mutane: takardar kamen da jami'in ICE ya sa wa hannu daban, wadda alƙali ya sa wa hannu daban, kuma ta biyun ce ke buɗe ƙofar wurin da ba na kowa da kowa ba, kamar ofishin fada ko ɗakin kwanansa. Zauren ibada kuwa a lokacin taro a buɗe yake ga kowa, haka filin ajiye motoci, haka titin da ke kaiwa can. To a nan tsoron ya tare.

A Yunin 2025 aka kama mutane a harabar majami'u biyu na yankin San Bernardino a Kaliforniya. Ranar 8 ga Yuli bishop ɗin yankin, Alberto Rojas, wanda ke jagorantar Katolika fiye da miliyan, ya fitar da takarda ya ɗauke wa duk mai tsoron kame na gaskiya wajibcin zuwa ibadar Lahadi da ta ranakun idi. A wurin Bakatolike zuwa ibadar Lahadi farilla ce. Irin wannan rangwame na jama'a gaba ɗaya an saba ganinsa ne a annoba, kamar zamanin korona, ko yaƙi, ko ambaliya. Tun a watan Mayu ma hukumar cocin Nashville ta faɗi makamancin haka bayan benci ya yi fayau a ibadar masu jin Sifaniyanci. A Satumba kotun ƙoli ta ɗage wani hukunci da ya hana jami'ai tsayar da mutum a Los Angeles saboda kamanninsa ko harshensa ko irin aikinsa. Daga nan mai takarda ma ya fara yawo da fasfo a aljihu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, balle wanda kakansa ya ba shi labarin jirgin ƙasan 1931.

Girman abin ya fito a wani rahoto da majalisar bishop-bishop ɗin Amurka da wasu ƙungiyoyin Furotesta suka fitar tare a Maris 2025: Kirista fiye da miliyan goma ne ke cikin haɗarin kora, kuma kusan ɗaya cikin biyar na Katolikan ƙasar ko dai shi ne ke cikin haɗarin ko yana zaune gida ɗaya da wanda ke ciki. Shi ya sa ranar 12 ga Nuwamba, a taronsu na Baltimore, bishop-bishop ɗin suka fitar da saƙo na musamman suna adawa da korar jama'a ba tare da tantancewa ba, da ƙuri'a 216, biyar suka ƙi, uku suka yi shiru. Rabonsu da irin wannan saƙo tun 2013. Fafaroma Leo na 14, ɗan Chicago kuma Ba'amurke na farko a kan kujerar, ya fito ya mara musu baya.

Malamai su lura da wannan. Tun 1982 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don iyayensa ko shi kansa ba su da takarda, kuma hukuncin na nan. Amma haƙƙin zama a aji ba ya kawo yaro aji. Wani malamin jami'ar Stanford, Thomas Dee, ya duba rajistar makarantu a yankin noma na tsakiyar Kaliforniya bayan samamen Janairun 2025, ya ga fashin zuwa makaranta ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, kuma a cikin ƙananan yara abin ya fi tsanani. Uwa ce ke raka ɗan shekara biyar, in ta ji tsoron fita shi ma ya zauna. A majami'u da makarantu da yawa yanzu ana zaunar da iyaye a cika takarda: in ban dawo ba, wane ne zai ɗauki yarana, ga lambar wayarsa, ga maganin da ƙaramin ke sha. Duk uwar da ta taɓa barin ƴaƴanta wurin maƙwabciya ta tafi neman abinci Aljeriya ko Libiya ta san nauyin wannan takarda ko da ba ta iya karatu ba.

Kada kuma mu ɗauka abin na Katolika ne su kaɗai. Takardar da aka soke a Janairun 2025 ita ce ke tsare ƙofar masallaci ma, kuma akwai ƴan Nijar a New York da Greensboro da ke zuwa sallar Juma'a da irin wannan lissafi a zuci. Ranar 16 ga Disamba 2025, daren farko na Las Posadas, Trump ya sa hannu kan sanarwar da ta saka Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofar shiga Amurka, daga 1 ga Janairu 2026.

Ana saura kwana uku Nowel, bishop-bishop ɗin Florida, ƙarƙashin Thomas Wenski na Miami, suka roƙi shugaban ƙasa da ya dakatar da kame na kwanakin bikin, don iyalai su yi shi tare. Fadar White House ta amsa cewa aiki zai ci gaba. A garin Dedham kuwa, kusa da Boston, majami'ar St. Susanna ta kafa rumfar haihuwar Yesu a ƙofarta kamar yadda ta saba, da makiyaya da dabbobi, amma babu Maryamu, babu Yusufu, babu jariri. A gurbinsu aka kafa allo mai cewa ICE ta zo nan. Hukumar cocin Boston ta ce a cire, wai an maida abin ibada siyasa, shugaban ICE na riƙo ma ya yi tir da shi. Fadan majami'ar ya ce rumfar na nan sai ya zauna da babban bishop sun tattauna. A ƙasan allon akwai wani ƙaramin rubutu da ke sanar da masu wucewa cewa mutanen ukun na cikin majami'a, lafiya lau, sannan aka sa lambar wayar da za a kira in an ga jami'ai a unguwa.